Bututun Hayaƙin Kunkuru

Duk wanda ya san layin maƙera na unguwar Sarandí, a gefen birnin Buenos Aires, ya san motar Anselmo Ferreyra, don ta girmi wasu gidajen layin ma. Tsohuwar motar rarraba burodi ce da ya saya tun gashin kansa yana baƙi. Ya ajiye ta a tsakar gida, ya ce zai mai da ita ɗaki mai tafiya, shi da matarsa Zulema su sa ta a jirgin fito su haye kogi zuwa Uruguay, ƙasar da aka haifi Zulema, su yi hutun Janairu, watan zafinsu, a bakin ruwa suna kwana a cikinta. 'Yan unguwa suka raɗa mata Kunkuru, wai ga gida a baya amma ba ta zuwa ko'ina.

Anselmo mai walda ne, kuma irin masu waldar nan ne da ba su san an gama aiki ba. Mutanenmu in abu ya karye sai su ɗaure shi da waya su yi gaba, shi kuwa wannan a wurinsa abin kunya ne. Bana ya kafa gado, baɗi ya cire gadon don bai zauna daidai ba. Shekara guda ta tafi a tankin ruwa, wata ta tafi a tagogi. Kowane Janairu maƙwabta suka tambaye shi yaushe ne tafiya, sai ya goge hannu da tsumma ya ce saura kaɗan. Zulema ba ta taɓa yi masa gori ba. Da la'asar takan ɗauko ƙoƙon mate, shayinsu na gargajiya, da butar ruwan zafi ta shiga motar ta zauna, tana zuba masa yana zuƙa, tana ɗinka labulen tagogi. Haka suka yi ta hutu a cikin Kunkuru shekara da shekaru ba tare da tayarta ta taka titi ba.

Sai mantuwa ta shigo gidan. Da fari gishiri ne sau biyu a tukunya, aka yi dariya. Daga baya ta fita sayen burodi ta kasa gane hanyar gida, mai sayar da jarida ne ya rako ta. Abin ya zo da lokacinsa: da safe Zulema ce sak, da tsiwarta da komai, amma da zarar rana ta karkata sai idonta ya canza, ta riƙa duban mutane kamar a tasha ta gan su. Sau ɗaya suka gwada kwana a gidan 'yarsu Noemí, ba su sake ba, don ihun da ta yi har maƙwabta suka fito. Wuri biyu kawai suka rage mata a duniya da take sakin jiki: ɗakin kwanansu da cikin Kunkuru.

Likitar da ke duba ta ba ta yi musu kwana-kwana ba. Ta ce, "Baba, in akwai wanda kuke so ta gani ta gane shi, kada ku jira baɗi."

Akwai kuwa. Chela ce, ƙanwar Zulema, uwa ɗaya uba ɗaya, tana can garin Juan Lacaze a ƙetaren kogi. Ciwon zuciya ya kumbura mata ƙafafu, an hana ta hawa ruwa, an hana ta doguwar tafiya. Rabon su da ganin juna har an manta. Sunaye suna ta zubewa daga kan Zulema ɗaya bayan ɗaya, har na jikokinta, amma na Chela yana nan, kullum da safe sai ta tambaya ko ta bugo waya. Anselmo ya san wannan ma ba zai daɗe ba, kuma tsoron abin ya hana shi cin abinci.

Maganar zagayawa ta hanyar gada ba ta taso ba, don wuni guda ce a mota cikin zafi, ita kuwa Zulema in tafiya ta yi tsawo sai ta kama neman buɗe ƙofa. Jirgin fito kuwa kafin ruwan buta ya huce an isa Colonia, tashar da ke ƙetare. Noemí ta zauna da wayarta ta nema musu wuri a jirgin safe, da ƙyar ta samu, don a Janairu rabin Buenos Aires can yake nufa.

"Baba, suna tambayar tsayin motar."

Ya faɗa mata da ka, bai ko ɗaga kai daga abin da yake yi ba. Gaskiya ya faɗa, don babu ƙusar da bai sani ba a jikin motar nan. Noemí ta rubuta, ta biya, magana ta ƙare.

Da ta ƙare ɗin da an huta. Amma ana saura mako guda tafiya sai Heber, mijin Chela, ya karɓi waya daga hannun matarsa don su gaisa. Tun ranar bikin Chela su biyun ba su taɓa rabuwa ba a yi musun gashin nama ba.

"Suruki, ka zo da bakinka kawai," in ji Heber. "Na tanadi itace. Ku da kuke gasa nama da gawayi kamar masu guga, ka zo ka zauna ka ga yadda maza ke yi."

"Kai ɗin? Naman da ka ba mu wancan karon har yau yana maƙale a haƙorina."

"Haƙoran ne suka tsufa. Ka zo dai, kujera zan ba ka kusa da mata."

Aka yi dariya aka ajiye waya, amma maganar ba ta bar Anselmo ya sarara ba. A ce shi, ɗan Sarandí, ya haye kogi ya je gidan surukai ya zauna ana gasa masa nama yana kallo? Washegari da sassafe ya jawo injin walda. Cikin kwana kaɗan ya kafa murhun gashi a bayan Kunkuru, da raga mai hawa da sauka, da akwatin gawayi. Don kada hayaƙi ya shiga ɗaki ya dami Zulema, sai ya samo wani kakkauran bututun ƙarfe, ragowar aikin bututun gas, ya tsayar da shi ya zarce rufin motar, ya yi masa 'yar hula. Ya liƙe shi da ƙashin motar liƙi irin nasa. Duk layin aka fito kallo, har da masu tafi, kuma cikin mutanen nan babu wanda ya tuna da maganar tsayi.

Noemí ta zo taya su shiri, ta dubi bututun ta girgiza kai. Sai ta buɗe ƙarƙashin gadon motar ta ga akwatin kayan aikinsa, har da injin yankan ƙarfe.

"Haba Baba! Hutu za ku ko kwangila?"

"Bar shi, ba a san abin da hanya za ta kawo ba."

"Na san ka. Kana isa za ka kama gyaran ƙofar Kawu Heber, ka bar Mama ita kaɗai." Ta kinkimi akwatin ta mai da shi cikin gida. Bai yi mata musu ba, don ya san ba ƙarya ta yi ba.

Ranar tafiya Zulema ta riga shi tashi. Ya same ta ta sa rigarta shuɗiya, ta shafa jan-baki, ta haɗa mate da kanta ba ta zuba ruwan sanyi ba kamar yadda take yi kwanan nan. Ya daɗe bai ga safiya mai kyau irin wannan ba.

"Tsoho, ka yi sauri mana. Chela ba ta da haƙuri, tun tana yarinya haka take. Yanzu haka tana bakin tasha tana cin Heber da mita."

A hanya ta yi ta ba shi labari. Yadda agwagwar maƙwabta ta kori Chela har cikin coci, yadda suke satar inabi a bayan masaƙa, sunan malamarsu ta aji ɗaya. Anselmo yana tuƙi yana sauraro. Ya yi murna, kuma murnar ce ta fi ba shi tsoro.

A tashar jirgi motoci sun yi layi, kowace da kujerun bakin ruwa a ɗaure a sama. Layi ya yi ta ja har suka zo bakin hanyar shiga. Wani ma'aikaci mai tumbi, da riga ruwan lemo da doguwar sandar awo, ya ɗaga hannu. Ya zagaya motar, ya tsaya a baya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo.

"Maigida, wannan fa?"

"Bututun murhu ne," in ji Anselmo, har da 'yar taƙama.

Mutumin ya jingina sandarsa. Rufin motar ya wuce lafiya, amma bututun ya zarce alamar da kusan kamu guda.

"Ba za ta shiga ba."

"Kamar yaya ba za ta shiga ba? Ga tikitina."

"Tikitinka na mota ne, ba na gidan burodi ba. Rufin cikin jirgi ƙarfe ne, ba ni na yi shi ba. Ka kwance shi ka sa a ciki, ina jiran ka."

Anselmo ya ɗaga kai ya dubi aikinsa. Kwancewa? Babu noti ko ɗaya a jikin bututun nan. Aka sa shi ya ja gefe, motocin baya suka riƙa wucewa, kowa da abin da zai faɗa.

"Baba, layin jirgin ƙasa yana can gaba!"

"In ka hura wuta a ajiye mini haƙarƙari!"

Ya durƙusa ya sace iskar tayoyi huɗun har suka kwanta. Ma'aikacin ya sake awo, abin da aka samu bai wuce yatsu uku ba. Ya hau rufin ya rungumi bututun ya girgiza da iya ƙarfinsa, motar duka ta girgiza, bututun ko gezau. Wani ya miƙo masa guduma, ya yi ta dukan gindin waldar har hannunsa ya mutu, fenti kawai ya ɓare. Duk tsawon rayuwarsa yana alfahari cewa abin da ya liƙa ba ya tashi, yau ga shi ya gani da idonsa. Ya roƙi ma'aikacin ko akwai injin yanka a tashar. Mutumin ya ce ko akwai ba za a kunna abin tartsatsi kusa da tankunan mai ba. Daga ƙarshe wani direban babbar mota ya tono masa ɗan ƙaramin zarto, haƙoransa duk sun cinye.

"Shi ke nan abin da nake da shi, Baba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma gwada."

Ya hau ya fara gurzawa. Rana ta ɗaga, rufin ya yi zafi, zarton yana zamewa a kan ƙarfen yana ƙara mai tsinka rai. Layin motoci ya ƙare. Ma'aikacin ya dawo, wannan karon muryarsa ta yi laushi, don ya leƙa ya ga tsohuwa a zaune da jakarta a cinya.

"Maigida, ji shawara. Ka bar motar a filin ajiya, ku shiga da ƙafa. Tikitinku yana aiki. Amma yanzu, don za a ɗage hanyar shiga jirgin."

Kafin Anselmo ya amsa sai ya ji ƙofa ta buɗe. Zulema ta sauko da kanta, ta gyara rigarta, ta sa hannu ta kare rana tana duban sa a sama.

"Anselmo, sauko mu tafi da ƙafa."

"Saura kaɗan, tsohuwa. Ya fara shiga."

"Sauko na ce." Ta matso har jikin motar, ta rage murya don kada mutumin ya ji. "Kana tsammanin ban san abin da ke damuna ba? Na sani. Yau na san ta. Na san fuskarta, na san muryarta. An jima ban sani ba. Don Allah mu tafi."

Bai taɓa jin ta ambaci ciwon da bakinta ba sai ranar. Ya tsaya da zarto a hannu, zufa tana shiga masa ido. Ya hango yamma a gidan Chela babu Kunkuru: baƙon ɗaki, baƙon gado, Zulema tana ihu tana dukan ƙofa, Chela mai ciwon zuciya tana kallo. Wannan tsoro na gaskiya ne, babu mai musa masa. Amma in za a faɗi gaskiya duka, akwai kuma ɗan taurin kan nan nasa, na mutumin da bai taɓa barin aiki a rabi ba. Ya dubi tsagar da ya yi a ƙarfen, ya ga kamar ta kusa, alhali ko kwata ba ta kai ba.

"Ki ba ni minti biyar. Wallahi minti biyar."

Ta tsaya a wurin da jakarta, shi kuma ya duƙufa yana gurzawa kamar mahaukaci, bai ɗaga kai ba har sai da jirgin ya yi kuka. Da ya waiga, an riga an ɗage hanyar, ruwa mai launin ƙasa ya shiga tsakanin jirgin da gaɓa. Zulema ta bi jirgin da ido har ya fita daga bakin tasha. Sannan ta koma cikin motar ta ja ƙofa a hankali.

Ma'aikacin ne ya shiga ofis ya yi ta magana, ya fito ya ce wani ya fasa tafiya a jirgin la'asar, an ba su wurin. Anselmo ya yi godiya, amma ya san abin da la'asar take yi wa Zulema. Ya buga wa Heber waya ya faɗa masa a gajarce. Heber bai yi zolaya ko ɗaya ba, ya ce suna nan bakin tasha tun safe, kuma Chela ta ce ba inda za ta.

Sai bayan rana ta raba tsaka bututun ya faɗi. Tafin hannunsa duk ya sale. Direban babbar motar ya taya shi mayar da iska a tayoyi, ya karɓi zartonsa ya duba ya jefa a kwandon shara. Anselmo ya shiga ciki ya tarar Zulema ta kwanta a gado da takalmanta, barci ya ɗauke ta. Ya zauna a gefenta yana kallon hasken rana yana tafiya a jikin labule. Ya rasa ko ya tashe ta ya yi ta yi mata hira don kada ta suɓuce, ko ya bar ta ta huta. Babu wanda ya san wanne ne daidai, likitar ma ba ta sani ba. Ya bar ta.

Da aka kira su ta farka, ta dube shi, ta dubi rigar jikinta.

"Biki za mu?"

"Wurin Chela za mu, tsohuwa. Chela ƙanwarki."

"To," ta ce, irin amsar da ake yi wa mai sayar da kaya a ƙofa.

Wannan karon Kunkuru ta shige ba ta taɓa komai ba. Aka ce kowa ya bar motarsa ya hau sama. Zulema ta riƙe gefen rigarsa da hannu biyu har suka sami kujera kusa da taga. Yara suna guje-guje, mata suna layi a kantin turare, wasu samari suna kaɗa jita. Shi kuwa ya kafa baki a kunnenta yana mayar mata da duk abin da ta ba shi da safe, da agwagwar da inabin da sunan malamar. Tana sauraro da ladabi, tana gyaɗa kai, wani wurin ma ta yi murmushi.

"Labarin yana da daɗi," ta ce. "Su waye?"

Ya juya fuska ga taga. Gaɓar Colonia ta fara bayyana, bishiyoyi da fararen gidaje. Ya yi addu'ar da ya iya, ya yi alkawura ga waliyyan da ya manta sunayensu. Abin da yake roƙo bai fi ɗan lokaci ba, gwargwadon a yi runguma a kira suna.

Ya hango su tun kafin ya fito daga shingen kwastan. Heber ya tsufa, ya ranƙwafa, yana riƙe da lema. A ƙarƙashin lemar Chela ce a kujerar roba, ƙafafunta a naɗe da bandeji, ta yi kwalliya tun safe, hodar duk ta narke. Anselmo ya tsayar da motar, ya zagaya ya buɗe ƙofa, ya riƙo hannun Zulema ta sauko. Chela ta yunƙura ta miƙe, ta ture hannun mijinta, ta taho tana jan ƙafa da hannuwa a buɗe.

"Yaya! Yaya Zulema! Ni ce!"

Zulema ta ɗan ja baya ta raɓe a jikin Anselmo. Sannan, da yake ita mace ce mai tarbiyya, ta miƙa hannu ɗaya.

"Sannu, baiwar Allah."

Chela ta kama hannun ta riƙe a ƙirjinta, hawaye suna bin hodar. Zulema ta ƙura mata ido da tausayi, ta juyo ta yi wa mijinta raɗa, amma kowa ya ji.

"Tsoho, matar nan kuka take. Ko rasuwa aka yi mata?"

Chela ce ta amsa, da ƙyar.

"E. Yayata."

"Ayya," in ji Zulema. Ta ɗora ɗaya hannun a kan na Chela tana shafawa a hankali. "Sai haƙuri. Allah ya jiƙan ta."